Shekarar da Gungunmu Ya Leƙo

Maƙwabcinmu a nan Yelwa ya ɗaga katangarsa bana, ya ɗora bene a kai, ya toshe mini 'yar kafar da nake hango ruwa. Ban yi masa ƙorafi ba. Filinsa ne, kuma mutumin kirki ne, yakan aiko mini da goro. Ina zai san cewa tsohuwar da ke zama a bayan ɗaki kullum la'asar ba iska take sha ba? Daga inda nake shimfiɗa tabarmata, tsakanin rufin kwanon mutane da wata darbejiya, akwai ɗan wurin da bai fi tafin hannu ba inda ruwa ke ƙyalli, shi nake kallo. Yanzu bulo nake kallo. Gwiwoyi sun daina kai ni bakin ruwa, 'ya'yana kuma sun hana ni hawa kabu-kabu, wai kada in faɗo in ja musu magana. Daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai ɗaki.

Da Sallah ta ƙarato 'yan hayar gidanmu suka ɗaure kaya, wannan za shi Shanga, wancan Wara, kowa bakinsa ɗauke da "garinmu, garinmu". Jikata, wadda take kwana ɗakina, ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Kaka, mu ina na garinmu?" Na ce mata yana nan daram a ƙarƙashin ruwa, giwan ruwa ne ke haya a ɗakin Innata, kuma ba ya biya. Ta yi dariya ta fice. Ni kuwa na zauna ina juya maganar. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to mu ba mu bar namu ba, ɗauke mu aka yi aka zuba masa ruwa.

A gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar gulbin Kwara, tun kafin a datse ruwa a Kainji. Abin da na fi tunawa da shi sauti ne. Kafin rana ta fito za ka ji filafili na bugun gefen jirgi, ƙwal, ƙwal, masu zuwa duba taru sun tashi. Can nesa dorina ta yi gurnani, Inna ta ce tsohuwar banza ta fara tari. Sannan babban sautin ya biyo, wanda babu gungun da ba a san shi ba, wato ban ruwan albasa. Namiji zai tsaya a cikin ruwa iya gwiwa, ya cika ƙwarya, ya watsa ta bisa fangali, ruwan ya baje a sama ya sauka shaa. Gaba ɗaya gaɓar gungu haka take amsawa har hantsi. Mu yara mata aikinmu tsinke lawashi, mu kai wa Inna ta daka ta dunƙula gabu ta shanya a kan rufi. Hannunmu, zanenmu, gashin kanmu, komai albasa yake ƙanshi. In muka haye kasuwa 'yan tudu su toshe hanci su ce ga Gungawa nan tafe, mu kuwa mu ce musu kowa ya toshe hanci kada ya buɗe baki in an sauke miya.

Albasar gidanmu daban take. Fara ce mai ɗan ja a wuya, faffaɗa, kuma ba ta sa hawaye. Ka yanka kwando guda idonka a bushe, yaro ya ɗauka ya gatsa kamar gwaza. Baba ya gaji irinta daga ubansa, shi ma daga nasa uban. Idan wani ya yi karin maganar nan cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, sai Baba ya gyara zama ya ce mai wannan magana bai taɓa cin tamu ba. Shi irin albasa kuwa ba kamar gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka manta. Ba ya jimirin ajiya. In shekara ta zagayo ba ka shuka shi ba, ya fara mutuwa a cikin gora. Dole kowace shekara a zaɓi manyan albasa a mayar da su ƙasa, su yi tsiri su yi fure, a karɓi sabon iri. Saboda haka gorar irin nan, wadda Inna ke ratayewa a saman gadonta, ita ce abu mafi daraja a gidanmu, ko ni da aka haifa ba a lallaɓa ni kamar ta.

Gulbi kuma yana da ƙa'idarsa, ruwa biyu yake kawowa a shekara. Da damina farin ruwa ke zuwa, mai laka, mai fushi, ya hau gaɓa ya kai iyakarsa, ya bar layin ciyayi da kumfa, sannan ya juya. Wannan layin shi muke kira sawun fari. In sanyi ya shigo sai baƙin ruwa ya iso daga ƙasashe masu nisa, garai-garai, a hankali, ya sake ɗaga gulbi ya kawo ruwa kusa da fangali daidai lokacin da albasa ke bukata. Amma ba ya kai inda fari ya kai. Kowane yaron gungu ya haddace wannan kafin ya haddace Fatiha: baƙi ba ya wuce sawun fari. Ka yi shukarka sama da sawu, ka kwanta ka yi barci.

Ina 'yar yarinya mai tallan gabu aka kwashe mu. Aka kai mu tudu, aka nuna mana gidaje a jere, na siminti, masu rufi a lanƙwashe, duk iri ɗaya, har tsofaffi na ɓatan ƙofa suna faɗa wa gidan surukai. Da rana ɗakin ya gasa ka, da sanyi ya daskarar da kai. Inna ta nemi inda za ta rataye gorar iri, ta buga ƙusa, ƙusa ta lanƙwashe, bango ko gezau. Ta zauna a ƙasa da gorar a cinya. Daga bakin sabon garin muna kallo ruwa ya ci gaɓa, ya ci fangali, ya ci gidaje, kan tsamiyar ƙofar gidanmu ne ya rage, daga baya shi ma ya tafi. Ba a ƙara cewa gulbi ba, sai tafki.

Baba bai daina shuka irinsa ba. Ya samu ɗan fili kusa da wata rijiya yana ja da guga, mutumin da ya saba gulbi ya zo masa har ƙafa. Amma ƙasar tudu jar tsakuwa ce, ba ta san albasarmu ba. Kowace shekara sai ta ƙara ƙanƙancewa, jan wuyan ya dushe, kuma ta fara yaji. Ranar da Inna ta yanka ta hawaye ya zubo mata, ta yi maza ta juya baya don kada Baba ya gani, amma ya gani. Tun daga nan ya rage magana. Sa'o'insa suka koma kamun kifi, wasu suka tafi birni gadi, shi ya ƙi. Yakan zauna a inuwar bangon siminti yana fuskantar tafki kamar mai jiran a kira sunansa. Ni na girma, na yi aure a nan cikin garin, na haihu, Baba na nan inda yake, irin cikin gora kuma yana raguwa.

Sai wata shekara, lokacin muna cikin jihar Sakkwato ba a yanke Kebbi ba, damina ta yi rowa. Gero ya ƙone a tsaye. Farin ruwa ya zo ba ƙarfi, ya ɗan taɓa tafki ya tsaya. Wata safiya Baba ya shigo gida da sauri har yana tuntuɓe, ina nan na zo gaida Inna, mijina ya tafi kamun kifi wajen Wara zai yi watanni.

"Gungu ya hito," in ji shi. "Na gan shi da idona. Bayan gungun na waje, har kututturen tsamiya."

Inna ta ajiye muciya ta dube shi. Ta riga ta san abin da zai biyo baya.

"Malam, in za ka, raba irin biyu. Ka bar min rabi nan gida."

"Rabin mi? Duba gorar ki gani. Abin da yar rage bai taka kara ya karya ba. In na bar shi nan tudu, baɗi albasar kasuwa za ki ɗiba. Ƙasa tai shika so. Shekara guda ta ishe shi ya tuna."

Yayana, babban ɗan gidanmu, yana tuƙa jirgi mai inji a lokacin, yana kai mutane har kusa da dam, ya ga ƙofofin da idonsa. Ya durƙusa gaban Baba ya yi magana a hankali.

"Baba, wanga ba gulbi na ba yanzu, tabki na. Gulbi tahiya shika yi, wanga ko tsaye shike. Bana ruwa ya yi kaɗan, ba su buɗe ƙohwa. In baƙi ya taho ya iske ta ruhe, ba shi da wurin zuwa, bisa hwari za shi hawa."

"Baƙi ba shi wuce sawun hwari," in ji Baba. "Haka ubana yag gaya min, haka ubanai yag gaya mai. Kai da kas san ruwa ta bakin inji, kai za ka koya min Kwara?"

Yaya ya sunkuyar da kai. A gidanmu ba a maimaita wa uba magana. Inna ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da gorar, ta haɗa da kwandon manyan albasar da aka keɓe don iri, ta ajiye a gabansa duka. Daga baya na tambaye ta me ya sa ba ta ɓoye ko tafin hannu ba. Ta ce tun da aka kawo mu tudu ba ta ga idon mijinta ya yi haske ba sai ran nan, kuma ita ma, in za ta faɗi gaskiya, ranta ya biya.

Ni da Yaya muka raka shi, domin matan gungu filafili ba baƙonsu ba ne. Abin da ya fito bai fi filin Idi na ƙaramin ƙauye ba, baƙar laka ce ta tsattsage, ga ɓawon katantanwa birjik. Baba ya cire takalmi tun a jirgi. Ya nufi kututturen tsamiya, ya dafa shi, daga nan ya juya gabas ya taka ya tsaya, ya ce nan ne ɗakin Inna. Muka tona da hannu, sai ga dutsen niƙanta a kife. Na zauna a kai na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Shi kuwa Baba ya ɗebi lakar ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe, ya yi dariyar da na manta yana da ita. Ya zagaya gaɓa har ya sami layin ciyayin da farin ruwa ya bari, ya kafa sanda a kai, ya haura sama sosai don ya ƙure wa Yaya magana, sannan ya ja fangalinsa na farko.

Watannin nan su ne mafi daɗi da na yi tun da na yi wayo. Muka kafa bukka ta zana. Da asuba Baba ya haƙa 'yar hanya ya jawo ruwa kusa, ya shiga iya gwiwa da ƙwarya, sai ga sautin nan ya dawo, shaa, shaa, a tsakiyar tafki, mutum ɗaya tak ke yin sa. Masunta na tsayar da jirage suna kallo. Tsofaffin gungu suka riƙa roƙon a kawo su, su zauna a kan laka suna nuna wa juna inda masallaci yake da inda aka binne wane. Irin ya tsiro kore shar, aka dasa, ya kama. Manyan albasar suka fitar da tsiri mai kauri, kawunansu suka kumbura za su yi fure. Bayan Baba da ya fara lanƙwashewa ya miƙe, har waƙa yake yi ƙasa-ƙasa yana cire ciyawa.

Da sanyi ya shigo ruwa ya canza launi, ya yi duhu ya yi garau, kana ganin ƙafarka a ciki. Baba ya yi murna, ya ce baƙo ya iso a kan lokacinsa. Kowace safiya ya je ya duba sanda. Ruwa ya matso, ya matso, ya taɓa gindinta. Baba ya ce to, nan ne iyakarsa. Washegari ya hau sanda da ɗan yatsa. Baba ya ce iska ce ta turo shi. Bayan kwana kaɗan ya hau da taƙi, kuma babu iska ko kaɗan, tafki kwance lumui. Shi wannan ruwa ba ya ruri, ba ya kumfa, ba ya karya komai. Kana kallonsa kamar ba ya motsi, sai ka juya ka ga inda ka ajiye buta ɗazu ya zama ruwa.

"Baba, mu cire su tun saiwarsu na da rai," in ji Yaya. "Mu kai tudu mu dasa, ko kaɗan ta tsira."

"Gobe shina tsayawa. In munka cire masu tsiri yanzu, hure ya lalace, babu iri. A bar su."

Kullum gobe. Muka koma tara laka da hannu da ƙwarya muna yi wa fangali ganuwa, mu uku, tun safe har hannu ya mutu don sanyi. Ruwa bai ma damu ya haura ganuwar ba, ta ƙasa ya ɓullo mana. Gungu ya riƙa tsukewa a kanmu, muka matsar da bukka, muka sake matsar da ita, har ya zama in ka tsaya a tsakiya ko'ina ka juya taku kaɗan ne ka shiga ruwa. Lawashi ya fara rawaya. Masu tsiri suka sunkuyar da kai furensu bai buɗe ba. Tsoro ya kama ni sosai, ba don kaina ba, ga jirgi a ɗaure, sai don na ga Baba ba shi da niyyar shiga shi.

Ranar da kan sandar ya nutse, Yaya ya haye ya ɗauko Inna, wadda ba ta taɓa taka gungun ba tun da ya fito, ta ce ba ta iya gani sau biyu. Ta sauko cikin ruwa iya idon sawu, ta dubi dutsen niƙanta, ta ɗauke kai. Ta je ta tsaya kusa da Baba.

"Malam, ya isa. Taho mu koma gida."

"Wane gida?" in ji shi.

Ta duƙa ta fara cire albasa daga fangalin da ya fi tudu tana jefawa a kwando, muka bi ta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya duƙa shi ma. Ba su gama ƙosawa ba, ba su fi ƙwan zabo ba, kuma saiwarsu ta yi laushi tana saɓulewa a hannu. Inna ta zaɓi masu ɗan ƙarfi ta dasa a bayan ɗaki da muka koma, amma ko ɗaya ba ta kama ba. Sauran kuwa albasar da ta sha ruwa ba ta kwana biyu, ko a ci ko a zubar.

Inna ta ce ba za a zubar ba. Ta aika aka kira tsofaffin gungu, maza da mata, Yaya ya kawo kifi, aka ɗora babbar tukunya a tsakar gidan simintin nan. Ni aka ba wuƙa. Na yanka, na yanka, na kusa rabin kwando, sannan na lura idona a bushe yake. Na ɗaga ɗaya na duba, ga ɗan jan nan a wuya. Na miƙa wa Baba ita, yana zaune jikin bango tun da muka sauka jirgi. Ya juya ta, ya goge da bakin riga, ya gatsa. Ya tauna a hankali, duk gidan ana kallonsa.

"Ta komo," in ji shi. "Na ce muku shekara guda ta ishe ta."

Sai hawaye suka gangaro masa har cikin gemu, a gaban sa'o'insa, a gaban suruka da jikoki. Mutane suka rasa inda za su sa ido. Inna ta ɗaga murya daga bakin murhu ta ce, "Ku ba shi ruwa ya wanke ido, albasa ta." Tsofaffin nan duka suka gyaɗa kai suka ce ƙwarai, albasa ta, wato albasa ce ta sa shi hawaye, alhali babu wanda bai san tamu ba ta sa hawaye ba. Aka ci miyar nan har aka suɗe tukunya, kowa ya san ba zai ƙara cin irinta ba. Baba bai sake riƙe ƙwarya ba har Allah ya karɓi abinsa, gungu kuma bai sake fitowa ba a idona.

Yaran yanzu sun san farashin buhun albasa, sun san motar da za ta kai ta kudu, amma ka tambaye su fari da baƙi su ɗauka zane kake nufi. Ban ga laifinsu ba, ruwan da suka tarar ba shi da sawu. A gidan nan an hana ni daka, an hana ni wanki, an hana ni fita, aiki ɗaya na riƙe na ƙi saki, ni ke yanka albasa. Surukata na ganin taimako ne, tana sa mini albarka. Ta kasuwa ce, ja, mai yajin tsiya, tun ka ɓare ta take kai wa ido hari. Ina jan kujerata in fuskanci katangar maƙwabci, wajen da ruwa yake, in yanka a hankali yadda za ta daɗe. Jiya jikata ta shigo ta same ni fuska jage-jage, ta ce, "Kaka, kuka kika yi?"

Na ce mata, "Albasa ta. Miƙo min wata."